Dilan Amurka a tsakiyar Shikago: yadda koyote ya zauna cikin mutum miliyan 5

A watan Afrilun 2007, wata rana bayan azahar, wata dabba mai kama da kare ta shiga wani shagon abinci na Quiznos a tsakiyar birnin Shikago, inda dogayen benaye suka tokare sama, motoci kuma ba sa yankewa. An bar ƙofar shagon a buɗe, ita kuwa ta sa kai. Ba ta ciji kowa ba, ba ta taɓa abincin kowa ba. Ta wuce wurin da ake jera lemon kwalba don ya yi sanyi, ta haye ta kwanta, ta zuba wa mutane ido. Masu cin abinci suka fice a hankali, 'yan kallo suka taru a bakin gilashi suna ɗaukar hoto da waya. Bayan kusan minti 40 ma'aikatan kula da dabbobi na birnin suka zo suka zarga mata igiya suka fitar da ita, daga baya aka kai ta wajen gari aka sake.

Sunan wannan dabba koyote. Labarin ya bazu, da yawa suka ɗauka baƙo ne da ya ɓato hanya daga daji. Sai dai a lokacin akwai wani malamin jami'a, Stanley Gehrt, da ya riga ya shekara 7 yana bin sawun irin wannan dabba a lungunan birnin da kewayensa, kuma abin da ya tara ya nuna cewa koyote ɗan gari ne. Ɗaruruwan 'yan uwansa suna kwana suna tashi a bayan gidaje, a gefen layin dogo, a maƙabartu da filayen wasa. Abin da ya bambanta na cikin shagon da sauran shi ne ya bari an gan shi.

Wane ne koyote

Wanda ya san dila ya san rabin koyote. Dogon baki, kunnuwa a tsaye, idanu rawaya, jiki toka-toka da ratsin ja, da wutsiya mai yalwar gashi mai baƙin ƙarshe wadda yake saukewa ƙasa idan yana gudu. Ya ɗan fi dila girma. Na yankin Shikago yawanci nauyinsu kilo 11 zuwa 16 ne, amma gashin hunturu kan sa a ga kamar sun fi haka. Danginsu ɗaya da kare da kyarkeci, kuma ba a samunsa sai a Amurka ta Arewa da ta Tsakiya. Sunan ya samo asali daga harshen mutanen Aztek na Meksiko, ya bi ta Sifaniyanci ya shiga sauran harsuna. A 1823 masanin halittu Thomas Say ya ba shi sunan kimiyya Canis latrans, ma'ana kare mai haushi. Ko a tatsuniya ma sun yi kama da dila: yadda Bahaushe ke kiran dila malamin daji, haka ƙabilun asali na Amurka suka mai da koyote gwanin wayo da dabara a labaransu.

Asalin mazauninsa fili ne, wato faffadan makiyaya da hamada na yammaci da tsakiyar nahiyar. Abu biyu suka buɗe masa hanya. Turawan da suka mamaye ƙasar sun sare dazuzzukan gabas suka mai da su gonaki, sannan suka ƙarar da kyarkeci, wanda shi ne babban abokin gabarsa. Ƙarfin wannan gaba ya fito fili a gandun dajin Yellowstone: da aka mayar da kyarkeci can a 1995, cikin 'yan shekaru yawan koyote a arewacin gandun ya ragu da kusan rabi.

Shi ma koyote ba a ƙyale shi ba. A 1931 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon kawar da dabbobin da ke yi wa makiyaya ɓarna, aka bi shi da guba da tarko da harbi daga jirgin sama, har zuwa 1972 da Shugaba Nixon ya hana amfani da gubar a filayen gwamnati. Har yau wata hukumar gwamnatin tarayya tana kashe dubun-dubatarsu kowace shekara, ban da na mafarauta. Duk da haka yanzu akwai shi a kowace jiha ta Amurka in ban da Hawaii, ya kai Alaska, kuma wajen 2013 an gan shi ya tsallake mashigin ruwan Panama. Yaƙin da ya kusa shafe kyarkeci, shi koyote bai hana shi yaɗuwa ba.

Yadda binciken ya faro

Gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta a jihar Illinois, tana da mutum sama da miliyan 5. Kafin shekarun 1990 koyoten da ake kamawa a yankin saboda ƙorafin jama'a ba su cika kai 20 a shekara ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 adadin ya haura 350. Hukumomi suna ta amsa waya, wannan ya ga kyarkeci a bayan gidansa, waccan kyanwarta ta ɓata, amma ba wanda zai iya cewa ga yawansu, ga abin da suke ci, ga irin haɗarin da ke tattare da su.

A shekarar 2000 aka haɗa hannu tsakanin hukumar kula da dabbobi ta gundumar, hukumar gandun dazuzzukanta, da gidauniyar kula da namun daji ta Max McGraw, aka ɗora Gehrt a kan aikin, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Jihar Ohio. An tsara binciken ya yi shekara 1, domin ana zaton dabbobin ba su da yawa. Ya wuce shekara 20 ana yi, an kama an yi wa sama da 1,000 alama.

Aikin na haƙuri ne. Ana ɗana tarkon da ba ya karya ƙafa, idan ya kama a yi wa dabbar allurar barci, a auna nauyinta, a ɗebi jini, a duba haƙora don gane shekaru, a maƙala mata lamba a kunne, a ɗaura mata abin wuya mai na'urar rediyo, a sake ta a inda aka kama ta. Daga nan ma'aikata su shiga mota mai eriya a rufinta su yi ta zagaya unguwanni dare da rana suna sauraron ƙarar na'urar. Daga baya aka samu na'urar da ke aiko da bayani ta tauraron ɗan adam. Da bazara kuma a nemi ramukan haihuwa, mutum ya kwanta rub da ciki ya zura hannu ya zaro 'yan kwikwiyo, a sa musu ɗan ƙaramin guntun lantarki a ƙarƙashin fata, a ɗebi samfurin jini, a mayar da su.

Ta farko da aka kama, a watan Maris na 2000, mace ce 'yar shekara guda, a yankin Schaumburg, ba nisa da filin jirgin sama na O'Hare. Aka ba ta lamba 1. Da fari ita kaɗai take gararamba tsakanin garuruwa da dama, tana tsallake manyan tituna. Daga baya ta samu miji, lamba 115, wanda ma'aikatan ke kira Melonhead, wato mai kan kankana, saboda girman kansa. Suka kama yanki guda suka zauna, suka yi ta haihuwa shekara bayan shekara a tsakiyar gidaje da kantuna. Ta mutu a 2010, mutuwar tsufa, tana da shekara sama da 10. Shekara goma ana bin ta, kuma galibin mutanen da take wucewa ta ƙofar gidansu kowane dare ba su taɓa sanin da ita ba. Rayuwarta ita ce hoton abin da binciken ya gano gaba ɗaya.

Inda yake kwana, da lokacin da yake fita

Koyoten Shikago kashi biyu ne. Akwai mazauna, waɗanda ke da yankin kansu: miji da mata, da 'ya'yan bana, wani lokaci da na bara da suka tsaya taya reno, galibi manya 5 ko 6 a inda wuri ke da yalwa. Matsakaicin yankin irin wannan gida kusan murabba'in kilomita 5 ne, suna shata iyakarsa da fitsari da kashi, suna korar duk wani koyote da ya shigo. Sai kuma 'yan gararamba, matasan da suka bar gidan iyaye ba su samu nasu ba tukuna. Su yawonsu ya kai murabba'in kilomita 27 a matsakaici, suna ratsa tsakanin yankunan wasu suna jiran gurbi. A riƙe waɗannan 'yan gararamba a rai, domin su ne amsar tambayar da za ta zo a gaba, ta dalilin da ya sa kisa ba ya rage koyote.

Gundumar tana da gandun dazuzzuka na kusan eka 70,000, kuma nan ne wasu suka fi so. Amma da yawa ba su da ko bishiya goma a yankinsu. Suna haɗa 'yan guntayen wurare su zama gida: gefen layin dogo, bakin magudanar ruwa, filin golf, maƙabarta, kangon masana'anta, ciyawar da ke tsakanin hannuwan babbar hanya. Da rana koyote kan lafe a cikin 'yar duhuwar da ba ta fi ɗaki faɗi ba, mutane na wucewa taku kaɗan daga gare shi. Rami kuwa ba ɗakin kwanansa ba ne, na haihuwa ne kawai, makonni kaɗan a shekara.

Babban sauyin da birni ya kawo masa shi ne lokaci. A dajin da ba mutane koyote yana farauta da rana, musamman da sassafe da almuru. A Shikago ya koma ɗan dare. Sai sawu ya ɗauke yake fitowa, kafin gari ya waye ya koma maɓoyarsa. Masu binciken sun sha ganin na tsakiyar birni sun zo bakin titi sun tsaya, sun dubi inda motoci ke fitowa, sun jira har su tsaya ko su yanke, sannan su tsallake da sauri. Tare da haɗin gwiwar ƙungiyar bincike ta National Geographic an ɗaura wa wasu ƙaramar kyamara a wuya, aka ga birnin ta idonsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna, lamba 748, shi da matarsa sun yi renon 'ya'yansu a 2014 a wurin ajiye motoci da ke kusa da Soldier Field, filin wasan da ke ɗaukar 'yan kallo sama da 60,000.

Duk da wannan ƙwarewa, mota ce babbar makashiyarsu: fiye da rabin mace-macen da aka rubuta, karo da mota ne. Akwai kuma ƙazuwa, wadda ke zubar musu da gashi har sanyin hunturu ya kashe su. Amma abin lura shi ne koyoten birni ya fi na ƙauye tsawon rai. A karkarar Illinois, inda ake farautarsa da bindiga da tarko, damar ya kai baɗi kusan kashi 30 cikin 100 ce. A Shikago ta kai kashi 60 ko fiye. Birnin ya zame masa mafaka daga mafarauta. Ƙiyasin yawansu a gundumar ya kama daga 2,000 zuwa 4,000.

Abin da ke cikin cikinsa

Nan ne binciken ya fi karya zaton jama'a. Kowa ya ɗauka dabbar da ta shigo gari bola ta kawo ta, ko kyanwowin mutane. Don a tabbatar, daga 2000 zuwa 2002 aka tattara kashin koyote 1,429 daga sassa daban-daban, aka wanke, aka busar, aka tsefe shi ana duba gashi da ƙasusuwa da haƙora da ƙwallayen 'ya'yan itace. Aiki ne marar daɗi, amma kashi ba ya ƙarya.

Ƙananan ɓeraye, musamman na cikin ciyawa, su ne kan gaba, an same su a kashi 42 cikin 100 na samfuran. 'Ya'yan itatuwa kashi 23, barewa mai farar wutsiya kashi 22, zomo kashi 18, sai tsuntsaye. Abincin mutane, wato na bola da wanda ake zuba wa karnuka, kusan kashi 2 ne kacal. Kyanwa kuwa kusan kashi 1. Barewar ma yawanci jarirai ne da bazara, ko mushen wadda mota ta buge.

Yadda yake kama ɓera abin kallo ne. Zai tsaya cik a cikin ciyawa, ya karkata kai yana saurare, kunnuwa na motsi ɗaya bayan ɗaya. Ko da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa yana jin motsin da ke ƙarƙashinta. Sai ya yi tsalle sama, ya lanƙwashe, ya diro da ƙafafun gaba biyu a kan abin. Yawancin farautarsa shi kaɗai yake yi ko su biyu, domin ɓera ba abin rabawa ba ne. Wannan ya bambanta shi da kyarkeci, wanda sai da garke yake iya kayar da babbar dabba, kuma shi ya sa koyote ke iya rayuwa a ɗan filin da kyarkeci zai mutu da yunwa.

Akwai gyara da ya zo daga baya, kuma adalci ne a faɗe shi. Burodi da dafaffen nama ba sa barin gashi ko ƙashi a cikin kashi, don haka wancan lissafi zai iya rage yawansu. Sai aka koma gwada sinadaran da ke cikin gashin bakin dabbobin, wanda ke adana tarihin abin da suka ci na watanni. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa kowane koyote da halinsa: wasu na tsakiyar birni suna cin abincin mutane fiye da yadda aka zata, wasu kuma a unguwa ɗaya da su ba sa kusantarsa, ɓera da zomo kawai.  Wato ba dukansu ne ke zama matsala ba, ɗaiɗaiku ne, kuma ana iya gane su.

Cin nasu ya taɓa sauran halittun birnin. Dinyar Kanada ta addabi filayen shaƙatawa da kashinta, yawanta na ƙaruwa da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 duk shekara. Kyamarorin da aka kafa a sheƙunanta sun nuna koyote na zuwa da dare ya kwashe ƙwai, wasu ya ci, wasu ya binne don gaba. Ƙaruwar ta sauko zuwa kashi 1 ko 2. Kyanwowin da ba su da masu su kuma, da aka ɗaura musu na'ura, an ga suna guje wa gandun daji inda koyote yake, suna maƙale a jikin gidaje. Ana ganin hakan na iya kawo wa tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa a cikin gandun sauƙi.

Miji ɗaya, mata ɗaya

Barbararsu a watan Fabrairu ce, ciki kwana 63 ko kusa da haka, haihuwa a Afrilu, 'ya'ya 4 zuwa 7 a mafi yawan lokuta, wani lokaci fiye. A dabbobi da yawa da ake ganin suna zaman miji da mata, gwajin jini kan tona cewa wasu 'ya'yan na wani namijin ne, musamman inda abinci ya yawaita kuma dabbobin suka cunkushe, kamar Shikago. An gwada ƙwayoyin halittar koyote 236 cikin shekara 6, har da haihuwa 18 mai 'ya'ya 96. Sakamakon da ya fito a 2012 bai samu ko ɗa guda na waje ba. Ba a kuma ga ma'auratan da suka rabu ba sai da mutuwa.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya ga ramin haihuwa. Uwa ba za ta iya ciyar da baki shida ita kaɗai ba. Namijin ne ke kawo mata abinci tana jego, shi ke gadin rami, idan 'ya'yan sun fara ci shi da ita suke amayo musu naman da suka tauna. Kukan da suke yi da dare ma na wannan zumunci ne: ɗaya ya fara da dogon kuka, sauran su amsa da haushi da ƙananan ihu masu hawa da sauka, har biyu ko uku su yi kamar goma. Kira ne ga 'yan gida, gargaɗi ne ga maƙwabta. Jiniyar motar asibiti ma kan tayar musu da shi.

A wannan lokaci ne kuma aka fi samun saɓani da masu karnuka. Koyote yana ɗaukar kare a matsayin ɗan uwa mai kutse. Daga hunturu zuwa bazara, lokacin barbara da reno, yakan bi mai yawo da kare a baya har ya fitar da su daga yankin ramin, wani lokaci ya far wa karen. Lamba 748 ya yi haka a kusa da raminsa, masu binciken suka riƙa tsorata shi da gangan don ya koma ja da baya daga mutane.

Inda zaman ke lalacewa

Abin da na ɗauka daga wannan bincike, kuma nake ganin shi ne zuciyarsa, shi ne cewa zaman lafiyar da ke tsakanin koyote da mutanen Shikago a kan abu ɗaya ya ginu: tsoron da dabbar ke yi wa ɗan Adam. Wannan tsoro ne ya mai da ita 'yar dare, shi ya hana ta bola, shi ya sa dubbai ke zaune cikin miliyoyi ba a ji ba a gani. Cikin ɗaruruwan da aka ɗaura wa na'ura, 'yan kaɗan ƙwarai ne aka taɓa kai ƙararsu, kuma da aka bincika, yawanci ko dai marasa lafiya ne da ƙazuwa ta koro su neman ɗumi a jikin gidaje, ko kuma wani yana ba su abinci.

Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Mai tausayin da ya ajiye wa koyote kwanon abinci a bayan gida, ko ya jefa masa nama daga mota don ya ɗauki hoto, yana koya masa cewa mutum ba abin gudu ba ne, wurin samu ne. Ba ma sai da gangan ba: abincin kare da aka bari a waje, ko hatsin tsuntsaye da ke zuba ƙasa ya tara ɓeraye da kurege, duk kira ne. Matakan lalacewar sanannu ne. Za a fara ganinsa da rana, sai ya daina gudu idan an matso, sai ya fara ɗaukar ƙananan karnuka a gaban masu su, sai ya kusanci yara. Ƙarshen irin wannan koyote harsashi ne, kuma hannun da ya ciyar da shi ne ya jawo masa. Wannan yana ba ni haushi, domin mai laifin yakan tafi yana ganin alheri ya yi.

Gehrt da wata abokiyar aikinsa sun tattara rahotannin cizon koyote a Amurka da Kanada daga 1960 zuwa 2006, suka samu hari 142 da ya shafi mutum 159, mafi yawa a Kalifoniya da Arizona, kuma a kusan kashi ɗaya cikin uku an san ana ciyar da dabbobin a wurin. Karnukan gida kuwa suna cizon miliyoyin Amurkawa kowace shekara. Mutum biyu aka tabbatar koyote ya kashe: wata yarinya 'yar shekara 3 a Glendale ta Kalifoniya a 1981, da mawaƙiya Taylor Mitchell mai shekara 19 a gandun dajin Cape Breton na Kanada a 2009.

Wannan na biyu ya nuna cewa ciyarwa ba ita kaɗai ce hanyar ɓarna ba. Gehrt ya je can ya yi bincike, sakamakon ya fito a 2022. Koyoten wurin ba abincin mutane suka saba da shi ba. Ƙananan dabbobi ne suka yi ƙaranci a wannan tsauni mai tsananin sanyi da iska, sai suka koma kan mus, wata dabba dangin barewa da ta kai doki girma, har ta zama fiye da rabin abincinsu. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Dabbar da ta saba kayar da abin da ya ninka ta sau ashirin, a wurin da ba a farautarta, ba za ta ga mutum shi kaɗai a matsayin abin tsoro ba. A Shikago, inda ɓera da zomo suka wadata, wannan yanayi bai taso ba.

Me ya sa ba a kwashe su ba

An gwada. Waɗanda aka kama aka kai wani daji aka sake, na'ura ta nuna ba sa zama. Suna kama hanyar komawa gida, su faɗa yankin wasu a kore su, yawanci mota ko mafarauta su kashe su a hanya. Kisa kuma gurbi kawai yake buɗewa, ga 'yan gararamba na jira, cikin makonni wani ya maye. Idan aka rage yawansu sosai, abinci ya yalwata ga waɗanda suka saura, matan su haifi da yawa, ƙananan mata ma su fara haihuwa da wuri. Wani lissafi da masana suka yi a 1975 ya nuna sai an kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara har tsawon shekara 50 kafin a ga bayansu. Akwai kuma hasarar da ba a lissafawa: idan aka kashe ma'auratan da ke gudun mutane, ba wanda ya san halin wanda zai gaje wurin.

Don haka hukumomin yankin suka tsaya a kan hanya mai sauƙin faɗa, mai wuyar sa mutane su bi. Ganin koyote kawai ba dalilin fita kamu ba ne. Wanda ya nuna tsaurin ido ko ya yi cizo, shi kaɗai ake nema a cire. Sauran aikin na jama'a ne: kada a ciyar, a rufe bola, a riƙe kare da igiya, a tsare kyanwa a gida. Idan an haɗu da shi kada a gudu, domin gudu yana tayar masa da sha'awar bi. A tsaya, a ɗaga hannuwa, a daka masa tsawa, a jefa wani abu kusa da shi, har sai ya bar wurin gaba ɗaya.

An gwada wannan tsari a ranar 8 ga Janairu, 2020. Wani koyote ya ciji yaro ɗan shekara 6 a ka, kusa da gidan adana halittu na Peggy Notebaert da ke unguwar Lincoln Park a Shikago, mai kula da yaron da wasu masu wucewa suka kore shi. Yaron ya rayu. Hankalin birnin ya tashi, wasu suka yi kiran a share su duka. Hukuma ba ta bi wannan kira ba, ta nemi guda ɗaya. Washegari da dare aka kama wani mai ɗingishi a unguwar, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar shi ne. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, sai ga ƙwayar harsashin bindigar iska a ciki: wani ya riga ya harbe shi kafin ya kai ga yaron. Ba a kashe shi ba, ba a kuma mayar da shi titi ba. Cibiyar jinyar namun daji ta Flint Creek ta riƙe shi a wurinta, sauran dubban kuma aka bar su a gefen layin dogo da maƙabartunsu.